Haya a kan haya: kurakuran ɗan hayar da ke sauke baƙi a gidan da ba nasa ba

Lissafin akwai daɗin ji. Kana biyan kuɗin haya, ga ɗaki guda a rufe babu mai kwana ciki, ko kuma aiki na yawan fitar da kai, gidan na zaune haka nan. Ka leƙa Airbnb ko Booking.com, manhajojin da matafiya ke kama masauki na 'yan kwanaki ta cikinsu, ka ga abin da ake karɓa a kwana ɗaya, ka ninka sau talatin, sai ka ga ai hayar ma wasu ne za su riƙa biya maka. Shi kansa Airbnb da haka ya faro. A 2007 wasu 'yan haya biyu a San Faransisko, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya yi musu nauyi, suka shimfiɗa katifun iska uku suka sauke baƙi uku da suka zo wani taro.

Abin da lissafin ke tsallakewa shi ne gidan ba naka ba ne. Kuɗin da ka biya ya saya maka damar zama ne kawai. Kai ne a tsakiya: mai gida bai san baƙonka ba, baƙon ma bai san mai gida ba, duk abin da ya lalace wuyanka za a riƙe. Kusan duk kurakuran da ke tafe daga manta wannan suke tasowa.

Babbansu shi ne fara sauke baƙi ba tare da mai gida ya sani ba. Mutane da yawa ba su sake buɗe takardar yarjejeniyar haya ba tun ranar da suka sa hannu, alhali a cikinta galibi akwai layin da ya hana bai wa wani hayar gidan, ko ya ce sai da izini a rubuce, ko ya ce gidan na zama ne ba na kasuwanci ba. Wasu kuma sun karanta sarai, sai dai suna cewa "ina zai sani?" Zai sani. Hotunan falonka suna intanet kowa na gani, ra'ayoyin baƙi suna jere da watan da kowa ya kwana, ga maƙwabci da ya gaji da ƙarar jan akwati da tsakar dare. Sana'ar da ba ta tafiya sai da talla ba ta ɓoyuwa.

Kuma abin ba ya tsayawa a notis ɗin tashi kaɗai. A Faransa, dokar haya ta 6 ga Yulin 1989 ta hana ɗan haya bai wa wani hayar gida sai da yardar mai gida a rubuce, har da yardarsa a kan farashin. A Satumban 2019 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa kuɗin da ɗan haya ya tara ta wannan hanya ba da izini ba na mai gida ne, dole ya mayar masa. Wato ka yi wankin zannuwan gado, ka yi shara, ka yi tarbar baƙi, sannan a ƙarshe ka miƙa kuɗin, wataƙila ka haɗa da makulli. A Ingila kuwa, wanda ke zaune a gidan hukuma mai rangwame ya ba da shi haya a ɓoye, laifi ne na zuwa kotu a ƙarƙashin wata doka ta 2013.

Gyaran a bayyane yake, sai dai mutane na jin nauyinsa: ka je ka tambaya. Amma kada ka je da "ko zan ɗan riƙa sauke wasu?" Ka je da tsari. Kwana nawa a shekara, mutum nawa a lokaci guda, ɗaki ɗaya ko gidan duka, kana nan ko ba ka nan, wa zai biya idan an yi ɓarna. Ka tuna shi ma yana da nasa ƙulle-ƙullen: mai yiwuwa bankin da ya ba shi bashin sayen gidan ya hana, ko inshorarsa ba ta ɗauki baƙi masu biya ba, ko dokar ginin ta hana. A ganina adalci ne ka yi masa tayin wani kaso, ko ka ƙara kuɗin ajiyar da ke hannunsa, tunda dukiyarsa ce za ta ci wuya. Idan ya ce a'a, zance ya ƙare.

Idan ya ce to, ga wani ramin a gaba: amincewar baki. "Ba komai, ka yi" da aka faɗa a waya ba ta da amfani ranar da aka ɓata, ko aka sayar da gidan, ko magada suka karɓe shi. A rubuta, kowa ya sa hannu, a kuma ambaci abin da sunansa: baƙi masu kwanaki kaɗan, masu biya, ta manhaja. Wannan ba ƙaƙale ba ne. A Janairun 2014 kotun ƙolin tarayyar Jamus ta duba shari'ar wani ɗan haya a Balin wanda ke da izinin bai wa wani haya, ta ce wannan izinin bai haɗa da sauke 'yan yawon buɗe ido na kwana-kwana ba, domin abubuwa ne biyu daban. Mai zama shekara daban, mai zuwa yau ya tafi jibi daban.

Sai masu ɗaukan cewa yardar mai gida ta wadatar. Akwai hukumar gari, kuma manyan birane sun daɗe da tsananta wannan harka saboda tana janye gidaje daga hannun masu neman wurin zama. A Landan, tun 2015 ba a ba da gida sukutum ga baƙin ɗan lokaci fiye da kwana 90 a shekara sai da izini na musamman. Faris ta daɗe a kan kwana 120 ga gidan da mutum ke zaune ciki, ta rage zuwa 90 a farkon 2025. Amstadam ta tsayar da kwana 30 a 2019, Japan kuma 180 tun Yunin 2018. Niyok ta fi kowa zafi: daga Satumban 2023, zaman da bai kai kwana 30 ba sai ka yi rajista, sai kana cikin gidan tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu. Ganin manhaja ta karɓi tallanka ba ya nufin hukuma ta yarda. Ka nemi dokar garinka ta yanzu, daga hukumar kanta, domin waɗannan alƙaluma suna yawan sauyawa, tarar kuma kanka za ta sauka.

Mu koma kan lissafin nan na ninkawa sau talatin, don a nan ne kwaɗayi ke rufe ido. Babu ɗakin da ke cika kullum. Akwai lokacin cunkoso, akwai watannin da waya ba ta ko motsi, kuɗin haya kuwa bai san damina ko rani ba. Daga abin da ya shigo za ka cire kason manhaja, kuɗin mai shara da wanki bayan kowane baƙo, wuta da ruwa (baƙo ba ya kashe na'urar sanyaya ɗaki don tausayinka), intanet, tawul da zannuwan gado da ke saurin tsufa, da ƙananan gyare-gyare da ba sa ƙarewa. Ga lokacinka, wanda kusan kowa ke mantawa da shi: amsa saƙo ƙarfe biyun dare saboda wani ya kasa buɗe ƙofa. Ka yi lissafin a kan wata mafi muni, ka tambayi kanka ko za ka iya biyan haya daga aljihunka wata uku a jere ba baƙo ko ɗaya. Waɗanda suka kama gidaje da dama don wannan sana'a kaɗai sun ɗanɗana kuɗarsu a 2020, lokacin da korona ta tsayar da tafiye-tafiye, baƙi suka soke zuwa, masu gidaje kuma suna jiran kuɗinsu.

Haraji ma yana cikin lissafin. Wannan kuɗin shiga ne, kuma zamanin ɓoye shi ya wuce a wurare da yawa: a Tarayyar Turai, tun 2023 dole manhajojin su miƙa bayanan abin da masu masauki suka samu ga hukumomin haraji. Wani wurin akwai sassauci. A Birtaniya, mai ba da ɗaki da kayansa a gidan da yake zaune yana iya samun har fam 7,500 a shekara ba haraji. Ka buɗe littafi tun daga baƙon farko, ka adana rasidai.

Maganar inshora gajera ce amma tana da nauyi. Inshorar kayan gida ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar baƙo mai biyan kuɗi, kuma idan ka ɓoye wa kamfanin, yana iya ƙin biyan har abin da bai shafi baƙon ba. Kariyar da Airbnb ke bayarwa tana da sharuɗɗa da wa'adi, ana so ka kai kuka cikin kwana 14 da fitar baƙo, da shaida. Saboda haka ka ɗauki hoton kowane ɗaki kafin shiga da bayan fita. Wanda kuma ya ja baƙo gefe suka yi ciniki a bayan manhaja don gudun kaso, ya yar da wannan kariyar gaba ɗaya, garin neman gira ya rasa ido.

Akwai wani tarko da sababbi ke faɗawa da murna: baƙon da ya ce zai ƙara mako, sannan wata. Kuɗi a dunƙule, ba wankin kullum, wa zai ƙi? To, a wurare da dama wanda ya daɗe a gida yana komawa ɗan haya a idon doka. A Kalifoniya, da ya kai kimanin kwana 30 ba ka fitar da shi sai ta hanyar notis da kotu, ko da ya daina biya. Ka ga kai da ke haya a wurin wani, ga ka da ɗan hayar da ya ƙi tashi. Ka san iyakar kwanakin a inda kake, ka tsaya ƙasa da ita, kuma kada ka taɓa canza makulli ko watsa kayan mutum waje da hannunka.

Maƙwabta su ne ke fara jin jiki, su ne kuma ke fara kai ƙara. Ka sanar da su, ka ba su lambarka, ka ɗauka idan sun kira. Ka rubuta wa baƙi ƙa'idoji kaɗan masu ma'ana: lokacin yin shiru, inda ake zuba shara, inda ake ajiye mota, babu casu. Abin da na fi ƙi a wannan harka shi ne ɗan hayar da ke koya wa baƙo ƙarya, wai idan an tambaye shi ya ce ɗan'uwansa ne. Ka sa baƙo a cikin rigimar da bai san mafarinta ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: mutum ɗaya ya ambata a ra'ayinsa, shi ke nan.

Sauran ƙanana ne, sai dai su ke jawo da-na-sani. Takardunka, fasfo, magunguna da duk abin da ba za ka iya jure rasawa ba, ka kulle su ko ka fitar da su. Kada ka yanka makullin babbar ƙofar gini barkatai kana rabawa, na kowa ne. Ka sa na'urar gano hayaƙi da ta gano iskar gas mai guba, da tukunyar kashe gobara, ka nuna wa baƙo hanyar fita. Kyamara a cikin gida kuwa kada ma ka fara: Airbnb ya hana ta baki ɗaya tun ƙarshen Afrilun 2024, a ƙasashe da yawa kuma ɗaukar mutum a ɓoye a makwancinsa laifi ne babba.

Idan kana karanta wannan alhali ka riga ka fara ba da izini ba, kada ka jira takardar lauya. Ka rufe karɓar sababbin baƙi yau, ka sauke tallan, ka ɗauko yarjejeniyar ka karanta layin da ya shafe ka. Ka tattara lissafin kwanakin da aka yi da kuɗin da ya shigo, don za a tambaya. Idan kuɗin da yawa, ka ga lauya ko ƙungiyar 'yan haya kafin ka buɗe baki. Sannan ka je wurin mai gida da ƙafarka, da tsarin nan a rubuce a hannunka. Waɗanda suka riga suka kama ɗaki kuma ka sanar da su da wuri, su samu wani masaukin kafin ranar tafiyarsu.