Yadda ake gyara saɓanin fez kafin a yanka waƙa a faifan garmaho

Waƙar da ta yi daɗi a waya ko a mota tana iya sa allura tsalle a faifan garmaho, kuma galibi laifin bes ne, wato sauti mai kauri na ƙasa, da hagu da dama suka saɓa a kansa. Wannan shi ne saɓanin fez: kaɗawar sautin ɓangarorin biyu ba ta tafiya tare. Tun 1958 da faifan sitiriyo ya shiga kasuwa, tsagi ɗaya ne ke ɗauke da ɓangarorin biyu: bangon ciki na hagu, na waje na dama, kowanne a karkace da digiri 45. Sautin da ɓangarorin suka yi tarayya a kai gefe da gefe yake kaɗa allura, wanda suka saɓa a kai kuwa sama da ƙasa. In bes mai ƙarfi ya saɓa, sai tsagin ya riƙa nutsewa yana tasowa. Inda ya taso, allurar mai saurare ta fice. Inda ya nutse da yawa, allurar yanka na iya taɓo alminiyam ɗin da ke ƙarƙashin ɗanyen faifan ta lalace.

Da farko ka auna. Ɗora mitar fez, wadda ke tafiya daga +1 (hagu da dama sun daidaita) zuwa −1 (sun saɓa gaba ɗaya), amma kada ka auna waƙar ɗungurungum, don kuge da murya za su rufe maka matsalar. Sa matata a gaban mitar, ka tace duk abin da ya haura 200 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya). Abin da ya rage ya kamata ya tsaya kusa da +1. In yana lilo wajen sifili ko yana faɗawa ƙasa duk sanda ganga ta buga, akwai aiki. Sannan ka raba sautin tsakiya (wanda hagu da dama suka yi tarayya a kai) da gefe (wanda suka saɓa a kai), ka saurari gefen shi kaɗai. Bai kamata ka ji bugun babbar ganga ko gurnanin bes a ciki ba.

A nan masu koyo ke faɗuwa. Da sun ga saɓani sai su danna mono a kan bes, su ce an gama. Mono tara hagu da dama yake yi, abin da ya saɓa kuma in aka tara shi cinye juna yake yi. Mita za ta nuna +1, amma bes ɗin ya rame. Sautin 100 Hz yana cika zagaye ɗaya cikin milisakan 10, saboda haka jinkirin milisakan 5 kacal a ɓangare ɗaya ya isa ya shafe shi baki ɗaya, kuma irin jinkirin nan ne filogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti) na faɗaɗa sitiriyo da yawa ke sawa. Don haka koma miksin ka nemo tushen. Cire koras (mai ninka sauti) da faɗaɗawa daga kan bes. Tace ƙasan ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti, daga 200 Hz zuwa ƙasa. In da makirufo biyu aka ɗauki ganga, buɗe hoton sautin sosai, ka ja ɗaya har kololuwarsu ta hau ta juna. In kuwa mita ta lafe a −1 ba motsi, ɓangare ɗaya aka juya, wataƙila wayar da aka haɗa baibai, maɓallin juyawa kawai za ka danna. In fayil ɗin sitiriyo kaɗai aka ba ka, gara ka nemi mai miksin ya sake fitarwa. Ya fi arha a kan sake yanka faifai, wanda sabon kuɗi ne.

Sai bayan wannan za ka rage bes ɗin da ke cikin sautin gefe. 150 Hz ya wadatar a yawancin waƙoƙi, da gangare mai sauƙi, 6 ko 12 dB a kowace oktaf. Teburan yanka na kamfanin Neumann ma suna da 150 da 300 Hz don wannan aiki, amma ni ban son 300 sai dole, don yana ƙuntata fiyano da jita. A sama kuwa ka bar faɗinka, ɗan saɓani a can ba ya tayar da allura.

Aika fayil ɗin sauti na WAV mai bit 24, fayil ɗaya ga kowace fuskar faifan, ba tare da matse ƙarar ba. Rubuta wa mai yanka abin da ka tace da minti nawa ne wurin da kake shakka, don kada ya sake tacewa a kan taka. In faifan gwaji ya iso, ka fara da wuraren nan, a garmaho biyu, ɗaya mai arha.