Idan 'yarki mai sikila za ta shiga makarantar gwamnati a Legas

A Agege nake, 'yata SS ce, wato mai sikila. Ranar farko ki raka 'yarki da ƙafarki, 'yar'uwa, ki tambayi shugabar makaranta: akwai nas, ko malama ce ke riƙe da akwatin magani? Tamu malama ce. Na ba ta takardar asibiti da lambar waya biyu, tawa da ta baban yarinya, don layi kan ɗauke.

Ki roƙa a bar ta ta sha ruwa cikin aji, ta fita fitsari ba sai an kaɗa ƙararrawa ba. Ƙishirwa na tayar da ciwon. Da damina rigar sanyi ba ta barin jakarta. In zafin jikinta ya kai digiri 38, a kira ki, sai asibiti. Kada a tsaya ga Panadol.