Yadda Ake Toshe Ƙofa da Taga Bayan Gobara ko Guguwa a Zinder

Idan gobara ko iskar damina ta ɓalle ƙofar shago ko tagar gida, kada a bar wurin a buɗe ya kwana, domin ɓarayi da ruwan sama ba sa jiran gari ya waye. Da farko a kashe wutar lantarki ta kamfanin NIGELEC daga mita, a kuma duba bangon sosai, musamman ginin laka irin na unguwannin Birni da Zongo, wanda jiƙewa kan sa ya rufto ba zato. Sannan a ɗauki hoto, a auna faɗin ƙofar, a yanko katako ko kwanon rufi wanda ya ɗara ta da taƙi guda ta kowane gefe. Ƙusa ba ta kama laka, saboda haka a gitta azara biyu ta ciki, a ɗaure su da katakon da ke waje da waya mai kauri. Tamfol kuwa na rufin da ya yaye ne kawai.