Babi na 7: Gano Mahaɗar Layuka Biyu a Takardar Giraf

Manomi yana son hayar injin ban ruwa. Mai injin farko ya ce a ba shi naira 2,000 kuɗin ɗauka, sannan 500 duk awa. Na biyu ba ya karɓar kuɗin ɗauka, amma awarsa 1,000 ce. Wanne ya fi araha? Sai mun san awa nawa za a yi, kuma zane ne zai nuna mana.

Mu sa x a madadin awoyi, y a madadin kuɗi. Injin farko: y = 500x + 2000. Na biyu: y = 1000x.

Ku tanadi takardar giraf, rula da fensir mai tsini. Ku zaɓi awa 0, 2 da 6. Injin farko zai ci 2,000, 3,000 da 5,000. Na biyu 0, 2,000 da 6,000. Ɗigo biyu sun isa a ja miƙaƙƙen layi, amma na ukun shi ne ɗan sanda: in ya kauce daga layin, an yi kuskure a lissafi.

A layin kwance, santimita 2 ta zama awa 1. A layin tsaye, santimita 2 ta zama naira 1,000. Ku ɗiga, ku ja layukan da rula. Daga inda suka gitta juna ku gangaro ƙasa, za ku sauka a kan 4. Ku koma mahaɗar ku miƙe hagu, za ku tarar da 4,000. Wato a awa 4 kuɗinsu ɗaya ne. Ƙasa da haka na biyu ya fi sauƙi, in aikin ya wuce awa 4 kuma na farko ne abin ɗauka.

Kada a tsaya ga ido kaɗai. A mahaɗa y ɗinsu ɗaya ne, don haka 1000x = 500x + 2000. Cire 500x daga kowane ɓangare, saura 500x = 2000. Raba da 500, x = 4.

Yawancin ɓarna daga ma'auni take. Wani zai jera 0, 2, 6 da tazara iri ɗaya, layin ya karye, amsa ta ɓata. Dakusasshen fensir ma ba ƙaramin abu ba ne, domin a wannan ma'aunin milimita 1 naira 50 ce. In kuma masu injin duka 500 suke caji a awa, ɗaya da kuɗin ɗauka 2,000, ɗaya 3,000, layukan za su tafi kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba. Lissafin zai ƙare a 2000 = 3000, alamar babu mahaɗa.

A jarrabawar WAEC da NECO akan haɗa miƙaƙƙen layi da lanƙwasasshe, kamar y = x + 2 da y = x² (wato x sau x). A nan ɗigo uku ba su isa ba. Ku ɗauki x daga -3 zuwa 3, ku ja bakan da hannu, ban da rula. Ku kula, -2 sau -2 ya ba da 4 ne, ba -4 ba. Nan ɗalibai da dama ke faɗuwa. Mahaɗa biyu ce: x = -1, y = 1, da x = 2, y = 4. Wanda ya rubuta ɗaya ya yi asarar maki.

Aikin gida: ku zana y = 2x + 1 da y = 7 - x, daga x = 0 zuwa 4, santimita 2 ga kowane 1. Ku karanta mahaɗar, sannan ku tabbatar da ita da lissafi.