Kurakuran da Ke Cinye Ribar Masu Ɗinka Jakar Fata da Bajo

Yawancin jakunkunan da ake dawo wa masu ɗinki da su a Katsina, tun daga wurin sayen fata aka yi kuskuren, kafin a kai ga basilla da zare. Sabon shiga yakan duba launi da araha, ya manta da jima, alhali fatar da ba ta sha bagaruwa sosai ba, za ta yi wari da zarar damina ta faɗi, ta kuma tsattsage idan hunturu ya kama. Gwajinta ba shi da wuya. A yanki ɗan gefe a duba cikinsa. Idan launin jima ya ratsa daga sama har ƙasa, ta jemu, idan kuwa akwai farin layi a tsakiya, ɗanye ce. Sannan a ɗaga ta a rana, domin fatun layya da yawa suna ɗauke da yankan wuƙa daga hannun waɗanda ba su iya fiɗa ba, kuma irin wannan tabo ba ya bayyana sai an ja fatar.

Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce fatar da ta ƙetara Sahara har Turawa suka san ta da sunan Maroko, amma ingancinta bai sa ta dace da kowane sashe na jaka ba. Siririya ce, kuma gefen ciki da hammata suna miƙewa. Wanda ya yanki maratayi daga nan don gudun asarar guntaye, cikin wata ɗaya igiyar za ta yi tsawo ta sirance. Maratayi da gindin jaka na kirgi ne, wato jemammiyar fatar shanu, ko kuwa a ninka fatar gadon baya, a yanke ta bisa tsawon dabbar, a sa ɗamarar zare mai ƙarfi a tsakiya. Guntayen ciki a bar su ga alabe da kwalliya. A kuma fitar da fasalin jakar a kwali tukuna, saboda yanka da ido ne ke sa ɓangarori biyu su ƙi haɗuwa.

Rini shi ne inda na fi ganin ana zubar da mutuncin sana'a. Jan karan dafi da baƙin kuloko launuka ne masu kyau da dukawanmu suka gada, sai dai idan ba a goge abin da ya rage a saman fata ba, aka kuma ƙi shafa mata ɗan mai da kakin zuma, jakar za ta bar shaida a farar riga ranar Sallah, mai rigar kuwa ba zai sake tako shagon ba, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. Kafin a ɗinka, a jiƙa farin ƙyalle a goga da ƙarfi. Muddin ya ɗauki launi, aikin rini bai ƙare ba. Man ma a yi hattara da shi, domin man gyaɗa idan ya yi yawa yakan yi ɗoyi ya jawo ƙura. Haka zobban baƙin ƙarfe: da sun sami laima sai su yi tsatsa, su baƙanta fatar bagaruwa, kamar dai yadda kuloko ke yi tunda shi ma daga ƙarfe ake haɗa shi. A nemi na tagulla ko waɗanda ba sa tsatsa, a kuma daina sa zif mafi araha a jakar da aka ɓata kwanaki a kanta.

A wajen ɗinki, wasu suna zaton matse ɗinki shi ne ƙarfi, alhali ramuka masu kusa da juna suna yaga fata ne. Tazarar milimita 3 zuwa 4 ta wadatar, da allura biyu da zaren da aka shafa wa kaki, ta yadda ko zare ɗaya ya tsinke sauran ba za su warware ba. Gam taimako ne kawai, ba ya maye gurbin ɗinki, musamman a mahaɗar maratayi inda nauyi duka yake sauka.

Batun bajo irin na soja yana da nasa haɗari wanda ya wuce asarar kuɗi. Doka ta hana farar hula sanya kakin soja da alamominsa, kuma a jihar da 'yan bindiga suka sha shiga ƙauyuka cikin irin wannan shiga, mai ɗinkin da ya kwaikwayi tambarin rundunar soja, ko anini, ko igiyar muƙami ga baƙon da bai sani ba, ya jefa kansa da jama'a cikin masifa. Kasuwar halal tana da faɗi: 'yan agaji, 'yan sikawut, makarantu, kamfanonin gadi, da matasa masu son ado a jaka ko hula. Ko su ɗin, a nemi takarda daga shugabancin ƙungiyar, a rubuta sunan wanda ya kawo aikin da adadin da ya karɓa. Idan aka ce aikin na rundunar tsaron al'umma ce da gwamnatin jihar Katsina ta kafa a 2023, to ta hannun hukuma zai zo, ba ta hannun wani mai wucewa ba.

Ta fuskar aiki, bajon da ba a sa masa ƙyalle mai tauri a baya ba yakan tattare, wanda ba a daje bakinsa ba kuma yakan zare a wankin farko. Haruffan da ba su kai milimita 5 ba cuɗewa suke yi, ba sa karantuwa. A ɗinka guda ɗaya a nuna wa mai aiki ya duba rubutun da launi ya amince, kafin a buga ɗari.

Sai farashi. Masu sana'a da yawa suna lissafa fata da zif kaɗai, su manta da guntayen da suka zube, da kuɗin mota zuwa majemar Ƙofar Wambai a Kano, da ladan hannunsu, sai su wayi gari suna ciniki kullum amma jari yana raguwa. Aikin da aka rubuta sunan wani a kai ba ya sayuwa ga wani, saboda haka kada a taɓa wuƙa sai an karɓi kafin alƙalami da zai biya kayan aiki gaba ɗaya.