Ƙarar da Hilux ke yi in an taka totur: yadda nake gano ta

Kada ka yarda a kwance maka inji kafin a san inda ƙarar take fitowa. A garejina nan Maraɗi, abin da nake fara yi ke nan in an kawo mini tsohuwar Hilux: in bar ta ta yi zafi sosai, in cire giya, in taka totur tana tsaye. In ƙarar ta fito, tana ƙarƙashin bonet. In ba ta fito ba, sai mu hau hanyar Dan Isa da mai motar. Tana cikin gudu sai in taka kuloci. Ƙarar da ta ci gaba bayan inji ya sauka, ta kardan ce (sandar da ke kai juyin inji ga ƙafafu) ko ta ƙafafu, ba ruwan inji.

Kuka mai tsini yawanci bel ne ya saki. Ɗiga masa ruwa kaɗan. In ya yi shiru na ɗan lokaci, shi ne. Fat-fat da ke raguwa in mota ta ɗumama kuwa, duba inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji, za ka ga baƙin toka.

Mai shan lisansi takan yi ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani in ta ɗauki buhunan gero tana babbar giya. Rage giya, ƙarar ta ɓace? To, ka zargi mai tukuna, musamman in na kwalba kake saye wurin ƴan ruwa-ruwa. Ka ƙarar da shi, ka sha na gidan mai. In ba ta daina ba, a duba buji da saitin lokacin da yake ba da wuta, a duba ko tana zafi. Mai gazuwal kuma, in ƙwanƙwasa ta zo da baƙin hayaƙi, a fara da matatar iska, don ƙurar hunturu tana toshe ta, sannan injekta.

Wadda nake tsoro ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, mai ƙaruwa da totur. Kashe motar nan take, ko kana tsakiyar hanyar Dakoro. Zaro sandar awon baƙin mai ka duba a rana. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, jawo ta za a yi. Wasu dillalai na zuba mai kauri don ɓoye wannan ƙarar, shi ya sa ba na sauraron motar sayarwa sai ta yi zafi.

In za ka kara dogon sukudireba a kunne ka bi ƙarar, tuɓe babbar rigarka, fanka ba ta jira.