Yadda ake gano ko sensar matsin tankin fetur ta lalace

Wannan sensar ba ruwanta da ƙarfin man da famfo ke turawa inji. Aikinta auna matsin tururin fetur a cikin tanki, don kwamfutar mota ta gane ko akwai inda tururin ke tsira. An fi samunta a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, irin na hannu da ake shigowa da su. Idan ta samu matsala, mota na tafiya lafiya lau, wutar Check Engine ce kawai ke kamawa.

A fara da sikana, wato na'urar da ke karanta kod ɗin matsala daga kwamfutar mota. P0452 na nufin siginal ya yi ƙasa, P0453 ya yi sama, P0451 kuwa karatun bai dace da yanayin ba. Amma P0442, P0455 da P0456 yoyo suke nunawa, kuma sau da yawa murfin tanki ne robarsa ta tsage. Kada a sayi sensa saboda su.

Sai a buɗe murfin tanki, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a duba karatun sensar. Tunda tanki a buɗe yake, matsin ya kamata ya tsaya kusa da sifili. A motocin GM wannan yana daidai da volt 1.5, a Ford kuwa wajen 2.6, don haka a duba adadin motar da ke gabanka. Idan murfi a buɗe amma karatu ya maƙale can sama ko ƙasa, to ko sensa ce ko waya.

Nan ne aikin yake. Sensar tana saman tanki, galibi a jikin famfon mai, wasu motocin kuma kusa da gwangwanin gawayi, wanda ke tsotse tururin fetur. Wayoyinta 3: volt 5 daga kwamfuta, at (wato earth, wayar da ke haɗe da jikin mota), da siginal. A zare soket a auna da mitar auna volt. In babu volt 5, a bi wayar, domin ɓera da tsatsa sun fi yin ɓarna a saman tanki. In wuta da at sun cika, a mayar da soket, a ja iska a bakin sensar a hankali da ƙaramin famfon hannu. Karatu ya motsa sumul ya dawo. Wanda ya tsaya cak ko yake tsalle, sensar ta mutu. Kada a kusanto da kwamfireso, matsin da take aunawa ɗan mitsitsi ne, nan take za ta fashe.

Idan kuma an ji tanki ya yi huci da aka buɗe murfi, karatu ya dawo daidai, sensar gaskiya take faɗa. A duba bawul ɗin shaƙar iska na gwangwanin gawayi, ƙurar hunturu na toshe shi, haka ma cika tanki har baki yana jiƙa gawayin.

Kafin sauke tanki a cire kan batir, a rage mai, a yi nesa da wuta. Bayan canji a goge kod ɗin, a yi tafiya da mai tsakanin kwata da kwata uku, a nan ne kwamfuta ke sake gwajin.